Warkar da Raunin Zuciya ta Hanyar Zane, Waƙa da Aikin Lambu

Akwai wata hanyar jiyya da likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara suke amfani da ita, inda ake sa wanda masifa ta taɓa ya yi zane, ko ya rera waƙa, ko ya gina wani abu da yumɓu, ko ya yi saƙa, ko ya shuka iri ya yi ta ba shi ruwa har ya girma. Manufar ita ce a buɗe wa ciwon da ke cikin zuciya wata ƙofar fita idan ƙofar baki ta rufe, a kuma taimaki mutum ya sāke tsayawa da ƙafafunsa. Wannan ƙarfin sāke tashi bayan faɗuwa shi muke kira juriya a wannan koyarwa.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi ko rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko raunin zuciya da ke biyo bayan ganin tashin hankali. Mu kuwa mun ga rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010. Mun ga an sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, an kuma kama hedkwatar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoba na wannan shekara, dubban 'yan'uwa suka watse, waɗansu har sansanin Minawao a ƙasar Kamaru. Kudancin Kaduna, Bokkos, Mangu da Barkin Ladi sun binne nasu. Maƙwabtanmu Musulmi a Borno, Zamfara da Katsina su ma suna ɗauke da irin wannan nauyi. Da wuya a sami majami'a a arewa wadda babu irin waɗannan mutane a kan bencinta ranar Lahadi.

Juriya da danne zuciya

An raine mu da cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da muke yabo da sunan haƙuri danne zuciya ne kawai. Gwauruwa ta daina kuka bayan sati biyu, sai mu ce bangaskiyarta ta yi ƙarfi, alhali ba ta barci, ba ta cin abinci, kanta yana ciwo kullum, ƙirjinta yana zafi, asibiti kuma sun auna ba su ga komai ba. Mai juriya yana jin zafin, yana iya faɗinsa, amma a hankali yana komawa gona, yana kula da 'ya'yansa, yana iya tunanin shekara mai zuwa. Mai danne zuciya kuwa kamar tukunya ce a kan wuta an danne murfinta da dutse.

Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na ƙasar Amurka, tun suna jarirai har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci, shaye-shaye da faɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya natsattsu masu riƙon iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su da sauran, sai aka ga yawancinsu suna da aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe su da ƙauna, ko kaka, ko malami, ko maƙwabci. Suna da wani abin hannu ko gwaninta da suke jin daɗin yi. Da yawa kuma suna da bangaskiya da jama'ar da suke sujada tare. Ke nan juriya aba ce da ake ginawa, kuma kayan gininta suna cikin abin da ikkilisiya take da shi.

Dalilin da baki yakan rufe

Allah ya sa wa jikin mutum ƙararrawar haɗari. Idan aka ji harbi, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa yakan tayar da jiki duka kafin mutum ya yi tunani: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya gajarce, ƙafafu su shirya gudu. Wannan alheri ne, shi ya fitar da mutane da yawa da rai. Matsalar ita ce, ga waɗansu ƙararrawar ba ta yin shiru ko bayan an tsira. Ƙarar babur, warin hayaƙin taya, ko abin fashewa da yara suke harbawa lokacin Kirsimeti sai ya mayar da mutum ranar da abin ya faru kamar yanzu yake faruwa. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A 1996 waɗansu likitoci a birnin Boston suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane masu irin wannan rauni a lokacin da ake tuna musu abin da ya same su. Suka ga sashen tsoro yana aiki da ƙarfi, sashen da ke harhaɗa kalmomi kuwa aikinsa ya ragu. Mutanen da aka auna ba su da yawa, amma abin da aka gani ya yi daidai da abin da kowane fasto ya sani: ka tambayi mutum abin da ya faru, sai ya zuba maka ido, ko ya ce "ba komai." Ba taurin kai ba ne. Abin yana ajiye a cikinsa a matsayin hoto, ƙara da wari, bai zama labari mai farko da ƙarshe ba tukuna. Hannu mai zane da murya mai waƙa suna iya taɓa wurin da tambaya ba ta kaiwa.

Waƙa tana da wani amfani na jiki kuma. Mai rera waƙa dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali, dogon sakin numfashi kuwa yana rage saurin bugun zuciya. Wani bincike a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin a 2013 ya nuna cewa idan mutane suna rera waƙa tare, bugun zuciyarsu yakan riƙa hawa da sauka tare. Aikin hannu mai maimaituwa, kamar saƙa, tufkar igiya ko ɓarar gyaɗa, shi ma yana kwantar da jiki.

Inda abin ya samo asali a asibiti

Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya kwanta jiyyar tarin fuka a 1938. Zaman gado ya ishe shi, sai ya fara zana abubuwan da ke kusa da shi, ya ga hankalinsa yana kwanciya. Daga baya ya koya wa sauran majiyyata, har da sojojin da suka dawo daga yaƙi, a 1942 kuma ya raɗa wa abin sunan jiyya ta hanyar zane. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, asibitocin tsofaffin sojoji suka fara ɗaukar makaɗa aiki, har a 1950 aka kafa ƙungiyar masu jiyya da kiɗa.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Friedl Dicker-Brandeis, wata Bayahudiya mai zane da 'yan Nazi suka tsare a sansanin Terezin. A can ta riƙa tara yara tana koya musu zane da guntayen takardu. Kafin a kai ta Auschwitz, inda aka kashe ta a 1944, ta ɓoye zanen yaran fiye da 4,000 a cikin akwatuna biyu. Yawancin yaran ba su tsira ba, amma zanen yana birnin Prague har yau, akwai na gadajen sansani da layin karɓar abinci, akwai kuma na furanni da gidajen da suka baro. A kusa da mu, a 2005, ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch sun ba yaran Darfur da ke gudun hijira a Chadi takarda da fensir mai launi don su sami abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu ga abin da za su zana. Suka zana jiragen sama suna jefa bam, mahaya dawakai da raƙuma da bindigogi, bukkoki suna ci da wuta.

A Nijeriya ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, suna cuɗanya da jama'a da ayyukan yau da kullum maimakon a kulle su a ɗaki. Duniya ta yaba da wannan tsari.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mutum na farko da Nassi ya ce an cika shi da Ruhun Allah domin wani aiki na musamman a jeji maƙeri ne kuma masassaƙi, wato Bezalel (Fitowa 31:1-5). Aikin farko da aka ba Adamu kuwa noman gona ne da kiyaye ta (Farawa 2:15). Saboda haka aikin hannu da aikin ƙasa ba baƙi ba ne a gidan Allah.

Kowa ya san labarin Dawuda da garayarsa a gaban Saul (1 Sama'ila 16:14-23). Idan ya kaɗa, Saul yakan sami sauƙi. Amma a ci gaba da karatu zuwa sura 18 da 19: sau biyu Saul ya jefi Dawuda da māshi yana cikin kaɗa wannan garaya. Kiɗa ya kawo sauƙi, bai tumɓuke kishi da rashin biyayyar da ke cin Saul ba. Duk mai son amfani da waɗannan hanyoyi ya riƙe sassan labarin biyu tare.

Karin Magana 25:20 ya kwatanta mai rera wa baƙin ciki waƙoƙin murna da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. A nan ne, a ganina, ikkilisiyoyinmu suka fi kuskure. Muna da ganga, da tulu, da kuge, da muryoyin da ba a fi su ba, amma kusan duk waƙoƙinmu na nasara ne da rawa. Wanda aka kashe wa ɗa ranar Talata ya zo ranar Lahadi, ba waƙa ko ɗaya da ta faɗi abin da ke ransa. Zabura kuwa, wadda ita ce littafin waƙoƙin Isra'ila, fiye da kashi ɗaya cikin uku nata waƙoƙin makoki ne. Zabura 13 ta fara da tambayar Allah har yaushe, ta ƙare da dogara. Zabura 88 ba ta ma kai ga dogarar ba, cikin duhu ta ƙare, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar ta haka a cikin Littafin.

Littafin Makoki ya ƙara koya mana wani abu wanda ba ya fitowa a fassarar Hausa. An rubuta shi bayan Babila ta rushe Urushalima, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. A harshen Ibrananci, sura 1, 2 da 4 kowacce tana da aya 22, kowace aya tana farawa da harafi na gaba cikin haruffan Ibrananci 22, daga na farko har na ƙarshe. Sura 3 tana da aya 66, uku uku ga kowane harafi. Mutumin da ya ga yunwa da gawawwaki a titi ya zauna ya tsara kukansa harafi bayan harafi. Tsarin ya zama masa kamar gaɓar kogi: ruwan yana gudu da ƙarfinsa, amma bai ci gari ba. Abin da zane da waƙa suke yi wa mai raunin zuciya ke nan, suna ba ciwon iyaka, wurin farawa da wurin tsayawa.

Sa'ad da Iliya ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), ba a fara masa da wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa sau biyu, ya yi doguwar tafiya a ƙasa, sa'an nan Allah ya tambaye shi abin da ke damunsa. Ayuba ma, bayan surori masu yawa na gardama da abokansa, Allah ya zaga da shi cikin halitta: taurari, ƙanƙara, awakin dutse, jakin jeji, jimina, doki da gaggafa (Ayuba 38-41). Ga 'yan gudun hijira kuma akwai wasiƙar Irmiya zuwa ga kamammu a Babila, inda ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu (Irmiya 29:5). Yesu da kansa, da yake magana a kan alhini, tsuntsaye da furannin jeji ya nuna wa masu sauraronsa (Matiyu 6:26-30).

Zane da yara

Kayan aikin ba su da tsada: takarda, fensir mai launi, alli, gawayi, yumɓu, ko yashi a faranti. Malamin makarantar Lahadi ya raba kayan, ya bar yaro ya zana abin da yake so. Kada a ce masa "zana ranar da suka zo." Idan abin yana bakin fita, zai fito da kansa. Idan ya gama, a zauna daidai tsayinsa a ce, "Ba ni labarin wannan hoto." Ya yi magana, a saurara. Ya ƙi, a ƙyale shi. Ba a ba da maki, ba a gyara masa ƙafar akuya, ba a ɗaga hoton wani a ce ya fi na kowa kyau.

Yaron da ya ga kisa yakan zana abu ɗaya sau da yawa, bindiga, wuta, jini. Wannan ba alamar maita ba ce, ba kuma alamar aljani ba ce. Ina roƙon dattawa da iyaye su ji wannan da kyau, domin akwai yaran da aka kai wurin "addu'ar kuɓutarwa" aka yi ta yi musu ihu a ka saboda irin wannan zane ko saboda firgita cikin barci, aka ƙara musu rauni a kan rauni. Abin da ake dubawa shi ne ko hoton yana canzawa da tafiyar makonni: ko wani mai taimako ya shigo ciki, ko gida ya sami rufi, ko rana ta fito. Kafin a tashi, yana da kyau a sa yara su zana wurin da suke jin kwanciyar rai ko mutumin da suke gudu wurinsa, don kada su tafi gida da hoton tsoro a ka. Hoton na yaron ne. Kada a ɗauke shi a waya a sa a Facebook don neman taimakon kuɗi ba tare da yardar yaron da iyayensa ba.

Waɗansu da suka fito daga addinin gargajiya sukan ji tsoron gina siffa da yumɓu, suna tuna gumaka. A girmama lamirinsu. Dokar Fitowa 20 ta hana yin siffa domin a yi mata sujada, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, a ba shi ya gina tukunya ko rumbu.

Waƙar makoki da rubutu

Zumuntar mata ta riga ta iya tsara waƙa, ba sai an koya mata ba. Abin da ake bukata shi ne izini daga bagade cewa waƙar kuka ma sujada ce. Za a iya bin sawun Zabura 13: a kira sunan Allah, a faɗa masa abin da ya faru ba tare da ado ba, har da sunan ƙauyen da ranar, a roƙi abin da ake so ya yi, a tuna wani alherin da ya taɓa yi, in an iya kuma a rufe da dogara. In ba a iya ba tukuna, a tsaya inda aka tsaya. A bar kowa ya yi da harshen da ya sha a nono, ko Bura, ko Margi, ko Berom, ko Tyap, gama mutum ba ya kuka da harshen kasuwa. Littafin nan Healing the Wounds of Trauma, wanda aka fara shirya shi tare da shugabannin ikkilisiya daga ƙasashen Afirka masu fama da yaƙi, kuma ake amfani da shi a tarurrukan warkar da raunin zuciya a Nijeriya, yana da darasin rubuta makoki, da wani inda kowa yake rubuta ciwonsa a takarda a kai gindin gicciye a ƙone.

Ga masu iya rubutu, wani masani mai suna James Pennebaker ya gwada a 1986 a jihar Texas: ɗalibai suka yi rubutu na minti 15 kowace rana har kwana huɗu a kan abin da ya fi yi musu ciwo a rayuwa. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu idan aka gwada da waɗanda suka yi rubutu a kan abubuwan yau da kullum. Da yawa sun ji nauyi a ranakun rubutun kafin sauƙin ya zo, don haka a gaya wa mutum wannan tun da fari.

Matasa suna son wasan kwaikwayo. A yi hankali da shi. Kwaikwayon hari a cikin majami'a, da ihu da bindigar katako, yana iya sa wani a cikin taro ya sūme. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko na Na'omi da Rut, yana ɗauke da cin amana, gudun hijira da takaba, ya kuma bar wa mai kallo ɗan nisa da zai iya numfashi.

Itatuwa, lambu da dabbobi

A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun majiyyata 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun bar asibiti da kusan kwana ɗaya kafin sauran, sun kuma sha maganin zafi mai ƙarfi kaɗan. A Japan, tun 1982 hukumar gandun daji take ƙarfafa mutane su riƙa yawo a hankali cikin kurmi domin lafiya, suna kiran abin wankan daji. Wani bincike na 2019 a kan mutane kusan 20,000 a Ingila ya sami cewa masu yin aƙalla awa biyu a mako a wurin da ke da itatuwa ko ruwa sun fi faɗin cewa suna jin lafiya da kwanciyar rai.

Amma ba za mu kwaso wannan yadda yake mu sauke a Gwoza ko Kajuru ba. Ga mutumin Tokyo, daji wurin hutu ne. Ga wadda aka tsare wata shida a daji, ko wanda aka kashe wa ƙane a tsakiyar gonar masara, daji shi ne wurin tsoron. Ba a ɗaukar irin waɗannan mutane a kai su bayan gari da sunan jiyya, kuma a wurare da yawa hanyar ma ba ta da tsaro. A fara daga cikin shinge: inuwar mangwaro ko dogon yaro a harabar majami'a, kwarkwaɗar lambu a bayan gidan fasto, ko buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki a ƙofar tanti.

Manomi da aka raba da gonarsa ya rasa fiye da abinci. Ya rasa abin da yake gaya masa ko shi wane ne, da abin da yake raba masa shekara zuwa shuka, noma da girbi. A sansani kowace rana kamar jiya take, mutum yana jiran a kira sunansa a ba shi mudu. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda ko fiye kaɗan, kuɓewa wajen wata biyu, zogale kuma ba ya wuyar kamawa. Wanda ya shuka dole ya tashi da safe ya ba da ruwa, dole ya yi lissafin mako mai zuwa. Ranar da ya tsinko ganye ya miƙa wa maƙwabciya, ya tashi daga mai karɓa kawai ya koma mai bayarwa. Akuya ɗaya ko kaji uku a hannun maraya suna yin irin wannan aiki.

Wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da maza. Dattijo ba zai zauna da fensir mai launi ba, ba zai kuma yi kuka a da'irar mutane ba. Amma a ba shi fartanya, ko kaba ya saƙa tabarma, ko a ce maza su taru su gyara rufin gwauruwa, za ka ji maganar tana fitowa yayin da idanu suke kan aiki, ba a kan fuskar juna ba. Mai jagora ya yi aikinsa ya kasa kunne. Maganin feshi na lambun kuma a kulle shi a wurin mutum ɗaya amintacce, gama shi ne abin da masu neman hallaka kansu suka fi sha a ƙauyukanmu.

Idan wani ya yi tambaya a kan zama a gindin itace, saboda tsamiya da kuka da duwatsun da kakanni suka yi wa yanka, amsar ita ce muna duban halitta ne domin mu tuna da Mahalicci, ba ma neman iko a cikin itacen (Romawa 1:20-25).

Iyakar abin, da lokacin zuwa asibiti

A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto da ya tattara bincike fiye da 3,000 a kan fasaha da lafiya, ya kuma nuna akwai amfani. Duk da haka yawancin binciken da aka yi a kan zane da lambu ga masu raunin zuciya ƙanana ne, kuma ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, jiyyar da hukumar ta fi amincewa da ita ita ce ta tattaunawa mai tsari a hannun wanda aka horar. Hukumar ta kuma hana a tara mutane nan da nan bayan masifa a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla a zama ɗaya, domin ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana ƙara shi. Wannan ya shafi al'adarmu ta kiran wanda ya tsira ya ba da shaida a gaban taro tun jikinsa yana rawa. A bar shi har ya nema da kansa.

Abin da ikkilisiya take yi taimako ne na 'yan'uwa, kada mai jagora ya kira kansa likita. Rukuni kada ya wuce mutum takwas zuwa goma sha biyu, masu jagora su zama biyu, domin in wani ya rikice ɗaya ya fita da shi. Matan da aka yi wa fyaɗe su sami mace mai jagora, a wurin da ba a leƙe, abin da aka faɗa kuma ba ya zama abin addu'a a bakin kowa ko misali a wa'azi. Idan wani ya fara rawar jiki ko idonsa ya ƙafe, a dakatar da aikin, a kira sunansa a hankali, a sa ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya faɗi abubuwa biyar da yake gani a ɗakin, a ba shi ruwa.

A kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba idan yana maganar kashe kansa ko wani, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya yi kwanaki ba barci ba abinci, ko ya shiga shan giya da ƙwaya fiye da dā, ko bayan wata guda firgita da mugayen mafarkai sun hana shi aiki. Haka ma yaron da ya daina magana gaba ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, a Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Wani daga cikin dattawa ko zumuntar mata ya raka shi, a ci gaba da addu'a, a ci gaba da shan maganin da likita ya rubuta, wurinsa a lambu da cikin mawaƙa kuma a ajiye masa har ya dawo.

Masu jagora su ma suna kwasar nauyin abin da suke ji, da yawansu kuma abin ya taɓa gidajensu. Su riƙa haɗuwa su kaɗai aƙalla sau ɗaya a wata, tare da wani fasto ko ma'aikacin lafiya da ba ya cikin rukunin, kowa ya faɗi yadda barcinsa yake.